Supo ko ƙwaya? Muhawara kan maganin gyambon babban hanji

Yayar Mai Jinya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nike nema wajen ma'aikatan lahiya da ke cikin wanga zaure. Ƙanena ne ya daɗe shina bayan gida da jini da majina. Kullum shina jin kamar kashin bai ƙare ba, in ya tahi ya tsuguna ba abin da ke hitowa sai 'yar majina. An ba shi Flagyl har munka gaji da saye, wai atuni ne. Daga nan munka koma maganin basir na gargajiya. Da rama ta yi yawa munka kai shi Yamai, anka sa mishi kamara ta ƙasa, likita ya ce sunan ciwon rektokolit, kuma iyakarshi can ƙasa kusa da dubura. Ya rubuta Pentasa supo, wato wanda ake sawa ta dubura, gram 1, guda kowane dare. To yaro ya ƙi ƙememe. Ya ce shi ba jinjiri ba ne, bai yi tahiyar Tawa zuwa Yamai ba don a ba shi irin abin da ake sa ma yara in jikinsu ya yi zahi. Don Allah akwai ƙwaya ko allura da za ta maye wurin wanga abu?

Direban Yamai: Wa alaikumus salam Yaya. Wanga ai ɗan kanoma ne, tun kakanni mun san shi. A dahwa bagaruwa shi zauna ciki sahe da marece, shi bar tonka. Su likitoci dai a laƙa ma abu sunan Nasara a aika ka farmasi.

Majo Mai Ritaya: Direba, ka bari a ji zancen tukuna. Ɗiyata, sau nawa yake zagayawa a wuni yanzu? Akwai zazzaɓi? Kuma an yi masa analis na kashi kafin kamarar?

Yayar Mai Jinya: Baba Majo, sau 3 ko 4 ne, ba zazzaɓi. An yi analis, sun ce ba su ga amiba ba. Har sun ɗebi ɗan nama daga ciki sunka duba.

Majo Mai Ritaya: To madalla, wanda ya duba shi ya bi hanya. Likita, ga naka ya zo.

Likitan Ciki: Na gani Baba. Yaya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba zan canza abin da abokin aikina ya rubuta ba tunda shi ya ga cikin hanjin da idonsa, amma bari in yi bayanin dalili, ki karanta wa yaron.

Wannan ciwo kumburi ne da ƙananan gyambuna a fatar cikin babban hanji. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta afka wa wurin, ba ɗaukarsa ake yi daga wani ba, kuma ba ya sa wa iyali. Kusan kullum daga dubura yake farawa ya haura sama a jere ba tsallake. Babban hanji ya kai kusan mita 1 da rabi, amma a wasu mutane ciwon ba ya wuce santimita 15 na ƙarshe. Na ƙanenki ke nan. A wasu yakan haura gefen hagu har kwanar da ke ƙarƙashin saifa, wasu kuma ya cinye hanjin duka.

Maganin da ke cikin Pentasa sunansa mesalazin. Abin da ya kamata a fahimta game da shi: ba ta cikin jini yake aiki ba, sai ya taɓa fatar hanjin da kansa. Shi ya sa babu allurarsa sam. Ƙwayarsa akwai, amma ga ciwon da ya tsaya can ƙasa, supo ya fi ƙwaya aiki kuma ya fi ta sauri. Wannan ba ra'ayina ba ne, haka ƙa'idar maganin ciwon take a Turai da Amurka: gram 1 na supo a rana shi ne matakin farko.

Alhajin Kasuwa: Likita, da girmanka, amma ni abin da na sani allura ta hi ƙwaya, ƙwaya ta hi na shahwawa. Yaya za a ce abin da anka haɗiya ya shiga jiki duka ya kasa wanda anka tura ta baya?

Likitan Ciki: Alhaji, kai da ke da garkar albasa a wajen Galmi ka fi ni sanin amsar. In ka sako ruwa daga bakin rijiya ya bi ta fangali bayan fangali, wanda ke can ƙarshe me yake samu? Ragowa. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta ratsa ciki da ƙaramin hanji da babban hanji duka, wani ɓangare jiki ya tsotse a hanya, wani ya cuɗe da kashi. Dubura ita ce fangalin ƙarshe, kuma nan ne wutar take. Supo kuwa a kan wurin yake narkewa ya kwana yana aiki.

Alhajin Kasuwa: To ka kama ni da albasa, na yi shiru. Amma fa yaron da gaskiyarshi, abin da nauyi ga namiji.

Ɗalibar Likitanci: Assalamu alaikum iyayena. In Likita ya ba ni izini in ƙara abin da muka karanta. Tsohon maganin wannan ciwo shi ne sulfasalazin, wanda wata likita 'yar ƙasar Suwidin mai suna Nanna Svartz ta samar wajen 1940, da farko don ciwon gaɓoɓi. An daɗe ana ba da shi ba a san wane ɓangarensa ne ke warkar da hanji ba, domin abu biyu ne a haɗe. Sai a 1977 a Oksford ta Ingila, Azad Khan da Piris da Truelove suka raba su, suka ɗura wa marasa lafiya kowanne dabam ta dubura, suka ga 5-ASA ne mai aikin. Shi ne mesalazin ɗin nan. Wato tun asalinsa ta ƙasa aka gano amfaninsa.

Likitan Ciki: Daidai ne ƙanwata. Allah ya sa ki tuna da shi haka ranar jarrabawa.

Mai Farmasi: Tunda an ambaci sulfasalazin, shi ne Salazopyrine, ƙwaya ce, kuma ta fi Pentasa araha nesa ba kusa ba. Likita, ni ina ganin mutane a kanti. Mutum ya zo da ordonans ya ji kuɗin ya ninke takardar ya sa aljihu ya fita, ba za ka sake ganinsa ba. In yaro ya ƙi supo kuma kuɗi na da nauyi, ba gara a ba shi abin da zai yarda ya sha ba, da ya zauna ba komai?

Likitan Ciki: Maganarka tana kan hanya, kuma ni ma ina rubuta Salazopyrine ga wanda ciwonsa ya haura sama kuma ba shi da ƙarfi. Magani ne mai aiki. Sai dai yana da nasa illolin: ciwon kai, tashin zuciya, ƙuraje ga wanda jikinsa ba ya son sulfa, fitsari ya koma ruwan ɗorawa. Yana rage folik asid, dole a haɗa wa mace mai ciki ko mai neman ciki da shi. Masu ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini), waɗanda ba kaɗan ba ne a yankinmu, yana iya fasa musu ƙwayoyin jini. Sannan yana rage yawan maniyyi da ƙarfinsa muddin ana sha, in an daina ya dawo bayan 'yan watanni. Yaya, yaron yana da iyali?

Yayar Mai Jinya: Bara anka yi mishi aure, ba su samu rabo ba tukuna.

Alhajin Kasuwa: Ashsha! To na janye, a ba shi supo. Ku gaya mishi wagga magana kaɗai, da kanshi za ya nemo kwalin.

Majo Mai Ritaya: Alhaji ka faye ban dariya. Amma ina so in ja kunne kan abu guda, domin na san mutanenmu. Wani zai karanta wannan zance ya ce ai nawa ma haka ne, ya je ya sayi magani. A ƙasarmu in ka ga jini da majina a bayan gida, atuni ake fara zargi, na amiba ko na ƙwayar shigela, sai kuma tsutsar bilharziya ta hanji ga masu shiga ruwan tabki, sai basir. Wannan na rektokolit bai kai su yawa ba ko kusa. Wanda bai yi analis ba, bai yi kamara ba, ba shi da ikon ya ce shi ke gare shi.

Wani Ɗan Konni: Ni wani abokina da ke da ciwon ciki mai jini an ba shi kortikoyid, maganin kashe kumburi, kwana kaɗan ya miƙe. Kuma ba ya da tsada, ko a tebur ana samu. Me ya sa ba za a ba shi wanga ba a huta?

Likitan Ciki: Nan ne haɗarin da Baba Majo ke nufi. In amiba ce a cikin mutum aka ba shi kortikoyid, an ɗaure wa jikinsa hannu ke nan, amiba ta ci hanji har ta huda shi. Ana mutuwa a haka. Shi ya sa ba ma taɓa wannan magani sai mun tabbatar.

Ko a rektokolit ɗin ma, kortikoyid na kashe gobara ne na ɗan lokaci, ba ya hana ciwon dawowa. In aka daɗe a kansa ga sukari, ga hawan jini, ga ƙashi ya yi rauni, fuska ta kumbura. Danginsa ne wasu 'yan mata ke sha don ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe, kun kuwa ga yadda suke ƙarewa. Akwai nasa na sawa ta ƙasa, kamar budesonid na kumfa mai miligram 2, wanda kaɗan ne ke shiga jini, ko hidrokortizon. Muna komawa gare su in mesalazin bai wadatar ba ko jiki ya ƙi shi, wani lokaci mu haɗa biyun. Amma da aka gwada su gefe da gefe, mesalazin na ƙasa ne ya fi.

Maman 'Yan Biyu: Na daɗe ina karantawa ina shiru, bari dai in yi magana ko zai amfani wani. Ni ina da ciwon nan, nawa ya haura gefen hagu, don haka supo ba ya kai wurin. Ƙwaya nake sha da rana, da dare kuma na ruwa nake ɗurawa, ɗan gora ne na roba mai mililita 100 da dogon baki.

Ba zan ɓoye muku ba, farkonsa akwai wuya. Wurin a kumbure yake, da ruwan ya shiga sai jiki ya ce fitar da shi yanzu-yanzu. Daren farko ko minti kaɗan ban riƙe ba na ruga makewayi, na zauna ina kuka ina lissafin kuɗin da ya bi masai. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta koya mini yadda ake yi. Sai na gama komai, na yi sallar isha'i, yara sun kwanta, na zagaya na dawo. In girgiza goran, in riƙe shi a tafin hannu ya ɗan yi ɗumi, domin mai sanyi ya fi tayar da hanji. In shafa ɗan mai a bakinsa. In kwanta a gefen hagu, ƙafar hagu a miƙe, ta dama a naɗe wajen ƙirji, in matsa a hankali ba gaggawa, kuma kada in saki goran sai na zare shi, in ba haka ba ya zuƙo ruwan ya dawo. Daga nan ba tashi, ba waya mai sa dariya. In abin ya taso sai in ja numfashi in ƙirga, yakan lafa. Da kumburin ya ragu riƙewar ta zo da sauƙi, yanzu har safe nake kaiwa.

Abu ɗaya da ba wanda ya gaya mini: yana ɓata kaya. Tabonsa ba ya fita, na yi asarar zanin gado sabo fil. Yanzu tsohon zane na ware da leda a ƙarƙashi.

Ki gaya wa ƙanenki shi nasa mai sauƙi ne. Supo ɗan abu ne, ya wanke hannu, ya sa, ya kwanta, ba wanda ya sani sai matarsa. Ni kunyar da na ji ta gaske ita ce ranar da na kasa riƙe kaina a gidan biki.

Yayar Mai Jinya: Allahu akbar. Na gode 'yar uwa, Allah shi ƙara miki lahiya. Wanga saƙo naki shi zan fara tura mishi.

Likitan Ciki: Maman 'Yan Biyu ta yi bayanin da ya fi nawa. Ƙarin da zan yi kawai: kowane iri da inda yake kaiwa. Supo iyakarsa dubura. Na kumfa yana haurawa sama kaɗan kuma ya fi sauƙin riƙewa. Na ruwa shi ke kaiwa har kwanar saifa. Haɗa ƙwaya da na ƙasa kamar yadda take yi ya fi kowanne shi kaɗai, ko ga wanda ciwon ya cinye hanjinsa duka, saboda matsuwa da yunƙurin da ke hana mutum sakat daga dubura suke tasowa.

Direban Yamai: To ga azumi na tahe. Mai sa abu ta baya ina azuminshi? Malam, kana nan?

Malamin Zaure: Ina nan. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe: abin ruwa da aka ɗura ta dubura da rana yana sa a rama azumin ranar, daskararre kuwa sun sassauta a kansa. Amma ni ban ga inda matsalar take ba, tunda likita ya ce da dare ake sawa lokacin kwanciya. Bayan tarawihi ya sa abinsa. In kuma ciwon ya tashi har jini na zuba yana galabaita, ai mara lafiya ne, Allah ya ba shi rangwame, ya sha ya rama in ya warke. Batun kunya kuwa, da hannunsa zai sa a ɗakinsa, ba tsiraicin da ya buɗe wa kowa. Barin magani saboda wannan girman kai ne kawai na ƙuruciya.

Majo Mai Ritaya: Likita, ga inda ni nake da ja. A zamaninmu in jini ya tsaya sai mu ce a dakata da magani. Yanzu na ji kuna cewa a ci gaba har illa ma sha Allahu. Talaka zai iya? Ba cika wa mutane kaya ba ne?

Likitan Ciki: Baba, na san nauyin. Yawanci cikin sati 2 zuwa 4 jini ke raguwa ko ya tsaya, amma fatar hanjin ba ta gama warkewa ba a lokacin, shi ya sa ake kai wa sati 6 ko 8 kullum. Bayan nan ciwon kwanciya yake yi, bai tafi ba. Mafi yawan waɗanda suka yanke magani gaba ɗaya yana dawo musu, wasu kuma in ya dawo sai ya haura sama fiye da da. Sai dai riƙon ba kullum ba ne dole: ga irin nasa ana iya komawa supo sau 3 a sati. Kuɗin ya ragu fiye da rabi ke nan. Akwai wanda nasa ɗan kaɗan ne, ya yi shekara bai motsa ba, mu zauna da shi mu yarda a dakata a sa ido. Shawara ce tsakanin mutum da likitansa, ba ranar da kwali ya ƙare ba.

Majo Mai Ritaya: Sau 3 a sati da dama-dama. Amma har yanzu ina cewa ku riƙa tambayar aljihun mutum kafin ku ja biro.

Likitan Ciki: Na karɓa Baba.

Mai Farmasi: Nawa ɓangaren: ajiya. Irin waɗannan magunguna an rubuta a kwalinsu kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30, mu kuwa a Afrilu da Mayu Tawa tana wuce 40. Wasu supo ɗin da mai aka yi su, in ka bar su a ɗakin kwano sai ka buɗe ka tarar da man shanu. A sa a firigo daga ƙasa, ban da wurin ƙanƙara. Wanda ba shi da firigo ko kuran na yawan ɗaukewa, ya sa a gwangwani mai murfi ya ajiye a gindin randa inda ƙasa ke da damshi. In ya yi laushi a tsoma shi cikin ruwan sanyi da ledarsa kafin a ɓare.

Kuma ba maganin da ake samu kowace rana ba ne ko a Yamai, sau da yawa sai an yi oda. Kada a jira sai saura guda biyu. Sannan don Allah a raba shi da diklofenak da ibuprofen na masu tebur, suna iya tayar da ciwon. In kansa na ciwo parasetamol ya ishe shi.

Likitan Ciki: Haka ne. A kuma duba ƙodarsa, awon kireyatinin, kafin ya fara da kuma lokaci-lokaci, domin mesalazin kan taɓa ƙoda ga ɗaiɗaikun mutane. In ya fara sawa ya ga gudawar ta ƙaru, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani, ya tsaya ya kira likitansa, akwai jikin da ba ya karɓar maganin. Yaya, wannan kuma ki riƙe da kyau: ranar da ya kai zagaye 6 ko fiye da jini a wuni, tare da zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri ko idonsa ya yi fari, zancen supo ya wuce, asibiti za ku kai shi a ranar a kwantar. Kada a ba shi maganin tsayar da gudawa a wannan hali, yana iya sa hanjin ya buɗe ya kumbura.

Direban Yamai: Duk na ji. Amma bagaruwar fa? Ni dai na ga ta yi ma mutane.

Likitan Ciki: Ya zauna a ruwan ɗumi in wajen na yi masa zafi, ban hana ba. Sai dai ruwan baho a waje yake tsayawa, gyambon kuwa yana ciki. Abin da ba na so shi ne a tura masa garin magani ko alif ko tafarnuwa ciki, ko a ɗura jiƙo. Fatar da ke zubar da jini ce, ƙona ta za a yi.

Direban Yamai: To shi ke nan, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yaya, in maganin ya yi wuya a Tawa ki ba ni takarda in sayo mishi Yamai, kowane sati ina hanya.

Yayar Mai Jinya: Allah shi saka da alheri. Bari in ɗauki hoton ordonans ɗin in sako nan.

Mai Farmasi: A'a Yaya, kar ki sa a zaure, akwai sunansa a jiki. Tura wa Direba shi kaɗai. Kai kuma Direba, ban da ajiye shi gaban mota a rana tun daga Yamai har Dosso da Dogon Dutsi da Konni, kafin ka iso ya zama kunu.

Direban Yamai: Ina da kula ta ruwan sanyi bayan kujera, ciki zan sa. Alhamis nike tasowa, kwali nawa za a sayo?